Muhawara: Bitar gwaje-gwajen kimiyya ga 'yan mata, yini ɗaya zai tsinana wani abu?

Malama Zulai:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Mu malaman kimiyya mata mun haɗu za mu shirya wa 'yan mata 'yan shekara 12 zuwa 15 bita ta yini guda, ranar 11 ga Fabrairu, wato ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2015 don mata da 'yan mata a fagen kimiyya. Ba lacca muke so ba, so muke kowace yarinya ta taɓa kayan aiki da hannunta. Abin da muka rubuta zuwa yanzu: fitar da DNA (zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta), leƙa ƙwayoyin halitta a maikiroskop, sauraren bugun zuciya, sai ɗinkin rauni a kan soso. Waɗanda suka taɓa shirya irin wannan, me ya yi armashi, me ya watse? Sannan wata abokiyar aikina ta ce min ɓata lokaci ne, wai yini ɗaya ba ya mai da kowa likita. Har yanzu ban samu amsar da ta gamsar da ni kaina ba, balle ita.

Malam Isyaku:
Wa alaikumus salam. Malama, abokiyar aikin nan taki ba ƙiyayya ta yi miki ba. Na tsufa a koyar da fiziks, na sha ganin irin tarukan nan. A sa wa yara farar riga, a ɗora musu tabarau, a yi hoto, a raba satifiket, kowa ya watse. Ranar Litinin yarinya ta koma aji ta tarar da aljabarar da ta gagare ta tana nan tana jiran ta. Abin da ke korar yara daga kimiyya, mazansu da matansu, lissafi ne da bai zauna ba. Da ni ne, ƙarfin nan da za ku kashe a yini ɗaya sai in raba shi kan darasin lissafi na ƙari duk mako.

Sista Rahila:
Malam, maganar hoto da satifiket gaskiyarka ce, ba musu. Amma ka taɓa tsayawa kusa da yarinya lokacin da ta fara jin bugun zuciyarta ta sitetoskop? Da farko za ta ce ba ta jin komai, saboda ta sa kunnuwan a juye ko ta ɗora a kan riga mai kauri. Kina gyara mata sai ki ga ta yi tsit, ido ya fito. Daga nan tambaya za ta ɓarke: me ya sa sautin biyu ne? Sai ki ce mata ƙofofin zuciya ne ke rufewa, na farko biyu, na baya biyu. Ni abin da nake yi, kafin in ba su na'urar sai in sa su naɗe takarda mai kauri kamar bututu, ɗaya ta kara a ƙirjin 'yar'uwarta. Ana ji fa. Da haka René Laennec ya fara a Faransa a 1816, takarda ya naɗe don ya saurari ƙirjin wata mara lafiya. Yarinya in ta ji haka sai ta daina ganin kayan likita kamar abin da ya sauko daga sama.

Sannan Malam, akwai lissafinka a ciki. Ta ƙirga bugun jijiyar wuyan hannu na daƙiƙa 15, ta ninka sau 4. Ta yi tsalle-tsalle na minti ɗaya ta sake ƙirgawa. Ta gwada nata da na sauran a kan allo, ta ga ko yana tsakanin 60 da 100 kafin tsallen.

Malam Isyaku:
Ninki huɗu ne lissafin, Sista? To Allah ya ba mu haƙuri.

Sista Rahila:
Da shi ake farawa, ranka ya daɗe.

Ladi mai lab:
Malama Zulai, bari in yi magana kan DNA tunda aikin gwaje-gwaje nake yi. Ki sa kowace ta fitar da nata na jikinta, ya fi kama hankali. Ta kurkure baki da ruwan gishiri sosai kamar na minti guda, tana ɗan goga haƙora a cikin kumatu, ta tofa a kofinta. A ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa kaɗan, a juya a hankali, kada a kaɗa har ya yi kumfa. A karkata kofin a tsiyaya sifirit mai sanyi ta gefe, ya kwanta a sama kada ya gauraya. Bayan 'yan mintuna za a ga wani farin abu kamar yanar gizo yana tasowa a tsakanin ruwan biyu, har a naɗe shi a tsinke.

Amma don Allah kada a tsaya a "kai, ga shi nan!" A tambaye su aikin me sabulu ya yi. Fatar ƙwayar halitta maiƙo ce, sabulu kuwa maiƙo yake narkarwa, shi ya sa take fashewa. Gishiri yana taimaka wa zaren ya dunƙule. Sifirit kuma DNA ba ya narkewa a cikinsa, dole ya fito fili. In suka gane wannan sun yi kemistiri, in ba su gane ba rufa-ido aka yi musu.

Abu biyu da nake roƙo. Kada wani ya kawo shawarar a huda wa yara yatsa don gwajin rukunin jini. Akwai jinin roba da ake yi musamman don koyarwa, in ba a samu ba a bar gwajin. Kuma in za ku shuka ƙwayoyin cuta daga tafin hannu a faranti, a liƙe murfin da salatif, ba mai buɗewa har a zubar. Ba wanda ya san abin da zai tsiro a ciki.

Malama Zulai:
Na gode Anti Ladi, na kwafe duka. Maganar huda yatsa kuwa kamar kin san an kawo ta.

Injiniya Asabe:
Ni kam jerin nan ne bai kwanta min ba. Ku duba: DNA, maikiroskop, bugun zuciya, ɗinki. Duk asibiti ne. Ina lantarki, ina kwamfuta, ina gini? Kun ce kimiyya da lafiya amma kun cika tebur da ɓangaren da mata suka riga suka cika. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce kashi 70 cikin 100 na ma'aikatan lafiya a duniya mata ne, sai dai kashi 25 kacal na manyan muƙamai ke hannunsu. A aikin jinya kusan 9 cikin 10 mata ne. A ɗaya gefen, rahoton UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2021 ya ce kashi 28 ne kawai na masu kammala digirin injiniya mata. To wace ƙofa ce a rufe? Duk yarinyar da ta nuna ƙoƙari a kimiyya, kowa ce mata yake "ke likita ce" ko "ki yi nas, ya fi dacewa da mace". Ba wanda ke miƙa mata sukurdireba.

Sista Rahila:
Injiniya, a yi hattara da harshe. Yadda kika kawo zancen kamar jinya wani lungu ne da ake tura wadda ta rasa abin yi. Mai lissafa yawan maganin jariri bisa nauyinsa da tsakar dare, kuskuren ɗigo ɗaya a lamba ya ninka maganin sau goma, ba kimiyya take yi ba? Florence Nightingale, shahararriyar ma'aikaciyar jinyar nan da ake zana ta da fitila, da alƙaluma ta yi yaƙinta. Ta tattara lissafin sojojin Ingila da suka mutu a yaƙin Kirimiya, ta zana taswirar da ta nuna cututtukan ƙazanta sun fi raunin fagen daga kisa nesa ba kusa ba. A 1858 ita ce mace ta farko da ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ta karɓa.

Injiniya Asabe:
Allah ya huci zuciyarki, Yaya. Ban raina jinya ba, wa ya isa? Cewa nake yarinya ta zaɓe ta bayan ta ga sauran, ba don ita kaɗai aka nuna mata ba. Kuma ko a asibitin naku, wa ke gyara na'urar ɗaukar hoton ciki in ta tsaya? Wa ke gyara kwalbar jarirai bakwaini? Injiniyan kayan asibiti. Nawa kika taɓa gani mace?

Sista Rahila:
Wannan kam kin kama ni. Ban taɓa gani ba.

Fa'iza:
Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in sa baki, ni ɗaliba ce, harhaɗa magunguna nake karanta. Har na gama sakandare sana'a biyu na sani a fannin lafiya: likita da nas. Da ban samu gurbin likitanci ba na zaci rayuwata ta ƙare, na yi kuka har na gode Allah. Ba wanda ya taɓa ce min akwai masu gwajin jini da fitsari, masu ɗaukar hoton ƙashi, likitocin gashin ƙashi, likitocin ido da na haƙori, masu ilimin abinci mai gina jiki, masu bin diddigin annoba, masu binciken sabon magani. Anti Zulai, in za ki gayyato baƙi kada su zama likitoci zalla. Kuma ki ware lokacin da malamai za su fita a bar yara da baƙin, ko a ba su takarda su rubuta tambaya ba suna. Tambayoyin da ke cin mu a wancan shekarun ba ma iya yin su a gaban malami: shekara nawa ake yi, in na ga jini na suma fa, ana iya aikin da goyo, in ban iya lissafi sosai ba shi ke nan?

Habiba A.:
Fa'iza ta taɓo wurin. Bincike kan harkar ilimi nake yi, bari in kawo abin da ya shafi tambayar Malam Isyaku kai tsaye. A yankin Paris an yi gwaji da ɗaliban sakandare kusan 20,000. Aka riƙa tura mata masu aikin kimiyya su shiga aji na awa ɗaya tak, wasu azuzuwan aka je, wasu aka bar su don a gwada, kuma ƙuri'a ce ta raba. Thomas Breda da abokan aikinsa suka bi sawun abin da yaran suka zaɓa daga baya. A cikin 'yan matan ajin ƙarshe, an samu ƙarin masu shiga kwasa-kwasan kimiyya masu wuyar shiga da waɗanda maza suka mamaye. Awa ɗaya fa. Wani abin lura kuma, baƙin da suka fi tasiri su ne waɗanda suka ba da labarin aikinsu da daɗinsa, ba waɗanda suka tsaya nanata cewa mata sun yi ƙaranci ba.

Malam Isyaku:
Madalla. To ɗiyata, waɗanne 'yan matan ne suka canza zaɓi? Na gaba-gaba a lissafi ko na baya?

Habiba A.:
Na gaba-gaba ne, Baba. Kuma a ƙananan ajin, 'yan shekara 15 zuwa 16, ziyarar ba ta sauya ɓangaren da suka zaɓa ba.

Malam Isyaku:
To kin ga. Ba gardama nake so ba. Wadda ta riga ta iya, tana bakin yanke shawara, ɗan turi ya ishe ta. Wadda ba ta iya ba kuwa, ko awa goma za a yi mata. Yaran Malama Zulai 'yan 12 zuwa 15 ne, ba su kai bakin ƙofar ba tukuna.

Habiba A.:
Haka ne, amma su wata matsalar ce ke cin su. A 2017 mujallar Science ta buga binciken Lin Bian da abokan aikinta kan yaran Amurka. Ana ba yaro labarin wani mutum mai tsananin basira ba tare da an faɗi jinsinsa ba, a ce ya nuna ko wane ne a hoto. A shekara 5, mace na nuna mace, namiji na nuna namiji. Daga shekara 6 'yan mata suka fara ja da baya, har suna kauce wa wasan da aka ce na masu kaifin ƙwaƙwalwa ne. Ga kuma tsohon gwajin nan na "zana masanin kimiyya". David Chambers ya tara zanen yara sama da 4,800 tsakanin 1966 da 1977, guda 28 kacal suka zana mace, kuma duka 28 ɗin 'yan mata ne. Abin ya gyaru sosai daga baya, amma nazarin da aka yi a 2018 ya nuna 'yan mata 'yan shekara 6 kashi 70 na zanensu mace ce, zuwa shekara 16 ya sauko kashi 25. Ka ga shekarun da Malama ta zaɓa su ne daidai lokacin da yarinya ke cire kanta daga hoton. Mai ganin abu ba nata ba ne, Baba, ko ka buɗe darasin ƙari kyauta ba za ta zo ba.

Kawu Bala:
Ni tambayata ɗaya. Su 'yan mazan laifin me suka yi? Kullum 'yan mata, 'yan mata. Yaran maza na nan suna gararamba ba mai shirya musu komai.

Malama Zulai:
Kawu, ba su yi laifin komai ba, kuma duk wanda ya shirya musu zan zo in taya. Amma ka shigo ɗakin gwaji ka tsaya a baya ka kalla. Na raba aji rukuni-rukuni, na ajiye kayan aiki a tebur. Kafin in juya, namiji ya riƙe kwalba, namiji ya kama maikiroskop yana murɗawa, an miƙa wa yarinya biro da takarda wai ita ce mai kyan rubutu. Ba mugunta ba ce, ba wanda ya tsara, ita ma da kanta take karɓa. Zango ya ƙare ta rubuta sakamakon gwajin da ba ta taɓa yi da hannunta ba, ta ci maki mai kyau ma. Yini ɗayan nan so nake a rasa wanda za a miƙa wa kwalbar sai ita.

Kawu Bala:
To a hana mazan ƙwacewa mana, ba sai an kore su ba.

Malam Isyaku:
A nan ina bayan Bala rabi. Gyaran na gaskiya a ajin yau da kullum yake. Amma Malama ta faɗi abin da nake gani, ba zan ƙaryata ba.

Ladi mai lab:
Ko mata zalla ne hakan na faruwa. A kowane rukuni akwai mai baki da za ta kankane komai, sauran su zama 'yan kallo. Kada ku yi rukunin mutum biyar ko shida. Bibbiyu, in ya yi yawa uku-uku, kuma a riƙa musanya: wadda ta riƙe yanzu ita za ta rubuta an jima. Gara gwaji uku da kowa ya taɓa da gwaji takwas da aka kalla. In maikiroskop ne ya yi kaɗan, ku nemi Foldscope, na takarda ne ake naɗawa, Manu Prakash da Jim Cybulski suka ƙirƙiro shi a jami'ar Stanford, suka fitar a 2014. Yana girmama abu sau 140, ya isa a ga ƙwayoyin cikin kumatu in an ɗiga musu shuɗin rini. Haɗa shi kansa darasi ne, kuma yarinya na iya tafiya gida da nata.

Baban Hanifa:
Ina ta karatu ban ce komai ba. Ni ba malami ba ne, uba ne. Duk kun manta da mu, alhali mu ke sa hannu a takardar zaɓen darussa. Hanifa tawa tun tana ƙarama ba abin da ya tsira a gidan nan, ta kwance tocila, ta kwance rediyo, rannan na tarar da ita ta cire murfin fanka tana leƙa ciki. Mahaifiyarta faɗa take, wai wannan ba wasan mace ba ne, ƙanenta kuwa in ya yi sai a ce injiniya ne. In kuka zuga yarinya ta dawo gida aka watsa mata ruwan sanyi, me aka yi?

Habiba A.:
Baban Hanifa, abin da ka gani a gida an auna shi. A 2001 Kevin Crowley da abokan aikinsa sun naɗi hirar iyaye da yara a wani gidan baje kolin kimiyya na yara a Kalifoniya. Iyaye sun ninka yi wa 'ya'ya maza bayanin yadda abu ke aiki sau uku a kan mata, alhali yaran duka suna taɓa kayan da sha'awa iri ɗaya. Kuma iyayen da suka ɗauko 'ya'yansu suka kawo su wurin ke nan.

Sista Rahila:
Maganin wannan mai sauƙi ne, mun gwada. A gayyaci iyaye awa ta ƙarshe, amma ba don a yi musu jawabi ba. A zaunar da uba a kujera, 'yarsa ta ɗaura masa abin awon jini, ta matsa, ta saurara, ta faɗa masa lambobin biyu da ma'anarsu. Wata ta durƙusa gaban mutum-mutumi ta nuna yadda ake danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya, hannu a miƙe, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Na ga uban da ya shigo yana duba agogo, ya fita yana tambayar wane darasi da wane za ta ɗauka.

Baban Hanifa:
In dai Hanifa ce za ta auna ni, jinin zai hau tun kafin ta fara.

Injiniya Asabe:
Baban Hanifa, ka ba ni aron Hanifa. Malama Zulai, ki ba ni tebur ɗaya, zan kawo batir, waya, makunni da ƙananan ƙwayayen fitila irin na LED. Ba zan ba su zane ba, cewa zan yi ga kaya, ku kunna. Ƙwan LED ƙafa biyu gare shi, doguwa da gajera, in aka juya shi ba ya kamawa. Da gangan ba zan faɗa ba. Za su haɗa, ya ƙi, su kalle ni, in kau da kai. A nan ne nake son in gan su, don abin da na lura da shi a wajen ɗalibaina mata masu ƙoƙari shi ne tsoron kuskure. Sun saba da cin maki, abu na ƙin yi sau ɗaya sai ka ji "ni dai ban iya ba". Bitar da komai ya tafi sumul ƙarya take koya musu game da aikin nan.

Labarin da nake ba su ke nan na Tu Youyou ta ƙasar Sin. A 1969 aka ɗora ta kan tawagar neman maganin zazzaɓin cizon sauro. Suka tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000. Ganyen Artemisia annua, dangin tazargade, ya riƙa ba su sakamako yau da kyau gobe babu. Sai ta koma wani littafi na ƙarni na 4 ta ga an ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse, ba a ce a dafa ba. Ta gane zafi ne ke lalata sinadarin, ta koma tatsa a ƙaramin zafi. Samfuri na 191 ne ya yi aiki, a 1971. Kyautar Nobel kuwa sai 2015.

Fa'iza:
Anti Asabe, labarin ya yi daɗi, amma ina da ƙorafi kan irin waɗannan sunaye. Duk taron da aka yi mana sai an kafa hoton Marie Curie, a ce ta ci Nobel sau biyu, 1903 da 1911. Mu kuwa sai mu kalle ta mu ji ta yi mana nisa. Wa zai ce zai zama ita? Wadda ta sa na ji zan iya, wata ɗaliba ce da ta girme ni kaɗan, ta ce min ita ma kemistiri ya taɓa kayar da ita. Ku nemi 'yan jami'a da sababbin ma'aikata su tsaya a teburan.

Injiniya Asabe:
To ga ki nan, ai kin ba da kanki.

Fa'iza:
Wayyo, ni da bakina. Na yarda, in dai Anti Ladi na kusa.

Malam Isyaku:
Tunda abin ya zama haka, ni ma a ba ni lungu, amma da sharaɗi. Zare da dutse kawai nake buƙata, sai agogon waya. A rataya dutse a zare mai tsawon mita 1, a sake shi yana lilo, a ƙirga lokacin zuwa da dawowa sau 10 a raba shi gida 10. Za su samu kusan daƙiƙa 2. Kafin a canza dutsen zuwa mai nauyi, kowace ta rubuta hasashenta. Yawancinsu za su ce mai nauyi zai fi sauri, wasu su ce zai fi nawa. A gwada, lokaci bai motsa ba. A rage zaren zuwa santimita 25, lokaci ya koma daƙiƙa 1. Tsawo ya ragu sau 4, lokaci ya ragu sau 2 kawai. Me ya sa? Ba zan amsa a ranar ba. Mai son amsa ta dawo.

Sharaɗin ke nan: a samu inda za ta dawo. Ko sau ɗaya a wata ne, a haɗu, a yi gwaji ɗaya da lissafin da ke ƙarƙashinsa. In babu wannan, ina nan kan bakana.

Habiba A.:
Baba ya shigo ta taga. Malama, ƙari ɗaya kan aunawa. Kada ki raba takardar "kin ji daɗin bitar?" a ƙarshe, kowa zai ce e. Ki rubuta sunayen waɗanda suka zo, da izinin iyayensu, ki ga nawa suka dawo haɗuwar wata-wata, nawa suka ɗauki darussan kimiyya lokacin zaɓe. Kuma kada ki ce malamai su turo "masu ƙoƙari" kawai. In kika yi haka, waɗanda dama za su shiga kimiyya kika tara, ba za ki taɓa sanin ko bitar ta yi wani abu ba.

Malama Zulai:
Wannan ta ƙarshen ta same ni, don wasiƙar da muka tsara cewa ta yi a turo biyar na farko a kowane aji. Za a sake ta. Yanzu matsalata lokaci. Teburin Injiniya ya shigo, na Malam ya shigo, ga awar iyaye, ga zaman tambayoyi na Fa'iza. Dole wani abu ya fita. Ina ganin ɗinkin soso ne zai tafi.

Sista Rahila:
A'a, a'a, kada ki taɓa min ɗinki. Shi ne wurin da yarinyar da ba ta magana a aji take fita zakka. Riƙe allura mai lanƙwasa da almakashin kamu, a shiga a miƙe, a juya wuyan hannu, a ɗaure ƙulli ya kwanta a gefen rauni ba a kansa ba. Natsuwa yake so, ba baki ba.

Injiniya Asabe:
Yaya, a ba 'yan mata allura da zare a taron da aka shirya don a nuna musu sabon abu?

Sista Rahila:
Allurar tiyata ce, Asabe. Je ki ƙirga mata nawa ne likitocin tiyata, ki dawo mu yi magana.

Kawu Bala:
Ni dai in an gama, a ajiye min zaren da dutsen. Akwai yaran maza da zan tara.

Malam Isyaku:
Dutse bai yi wuya ba, Bala. Ka tara su, zan zo.

Malama Zulai:
To na bar ɗinki, zan haɗa maikiroskop da DNA a tebur ɗaya tunda duk daga kumatu ake ɗiba. Anti Ladi, hakan zai yiwu cikin minti 40?

Ladi mai lab:
Zai yiwu in kun fara da kurkure baki, su leƙa maikiroskop yayin da DNA ke tasowa. Ki nemi sifirit mai ƙarfi, kashi 90 zuwa sama, ki sa shi a firiza tun daren jajibiri, ba ya daskarewa. Ranar kuma a ajiye shi cikin ƙanƙara, nesa da teburin Asabe da duk wani abu mai tartsatsi, kuma babba ne zai riƙa tsiyayawa.